Tambaya da Amsa: Kakar Kifin Samon da Cunkoson Masu Fatsa a Bakin Kogi

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa sun haɗu a kan wani kifi da ba ya rayuwa a ruwayenmu, wato samon, amma tambayoyin da aka yi a kansa sun shafi duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwa da ƙugiya a hannu. Mun taƙaita wasiƙun ba tare da mun taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni dattijo ne da na yi ritaya, ina zaune a Unguwar Rogo a nan Jos. Ɗana yana aikin jinya a birnin Anchorage na jihar Alaska a Amurka, kuma a watan Yuni ya aiko mini da wani bidiyo ta WhatsApp. Na ga mutane sun jeru cikin kogi, ruwa har gwiwa, kafaɗa da kafaɗa kamar sahun Idi, kowa riƙe da sandar fatsa. Ya ce mini wurin sunansa kogin Russian, kuma kifin samon suke nema. An ce jihar ta fi Nijeriya faɗin ƙasa, mutanenta kuwa ba su kai miliyan ɗaya ba. Me ya sa za su bar dukan wannan ruwa su cunkushe a wuri guda? Kuma wane kifi ne zai rage bayan irin wannan taro?

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba. Abin da aka gaya maka game da faɗin Alaska da ƙarancin mutanenta gaskiya ne, sai dai ba mutanen ne suka zaɓi wurin ba, kifin ne ya zaɓa, su kuma suka bi shi. Samon kifi ne da ake ƙyanƙyashe shi cikin tsakuwar ƙasan kogi mai sanyi, ya yi ƙuruciyarsa a ruwan daɗi, sannan ya gangara teku inda zai yi shekara ɗaya zuwa huɗu ko fiye yana kiwo yana tara kitse. Idan lokacin haihuwa ya yi, sai ya juyo ya nemi ainihin kogin da aka ƙyanƙyashe shi, yana gane shi da ƙanshin ruwansa, ya haura gaba da ruwa yana tsallake duwatsu har ya kai inda zai zuba ƙwai. Ba ɗaya-ɗaya suke dawowa ba, ayari suke yi, kuma ayarin kan wuce cikin 'yan makonni. Duk wanda bai tari wannan ayari ba, sai ya jira baɗi.

Kogin Russian ƙaramin kogi ne da ke zuba cikin babban kogin Kenai, kuma jan samon, wanda ake kira sokai, yakan shigo shi sau biyu a shekara: ayarin farko a tsakiyar Yuni, na biyu daga tsakiyar Yuli zuwa Agusta. Alaska tana da koguna masu yawa da samon ke shiga, amma mafi yawansu ba su da hanyar mota, sai dai jirgin sama ko na ruwa, abin da ba kowa ke da halinsa ba. Shi kuwa wannan wuri kwalta ta bi ta gefensa, kuma tafiyar awa biyu da ɗoriya ce daga Anchorage, birnin da ya fi kowanne yawan jama'a a jihar. Ka ƙara da cewa a tsakiyar Yuni hasken rana kan kai awa 19 a can, don haka ma'aikaci na iya tashi daga aiki, ya tuƙa mota, ya yi fatsa da hasken rana, ya koma gida. Ɗan gajeren lokaci, ƙunƙuntaccen wuri da hanya mai sauƙi, su ne suka haifi sahun da ka gani. Mutanen can da kansu sun laƙaba wa abin wani suna da ke nufin fatsar fagen fama.

Akwai kuma wani dalili da ya sa suke jeruwa a layi ɗaya maimakon su bazu. Samon yakan daina cin abinci da zarar ya baro teku, kitsen jikinsa yake ci har ya kai inda za shi, kuma sokai yana son bin gefen kogi inda ruwa bai cika ƙarfi ba. Saboda haka mai fatsa ba ya buƙatar jifa mai nisa. Yakan wurga ɗan gajeren zare mai ɗauke da darma da ƙugiya guda, ruwa ya janyo shi ta gaban kifin da ke wucewa. Idan ka sake kallon bidiyon za ka lura hannuwansu kusan tare suke ɗagawa, domin in ɗaya ya saɓa wa sauran, zaruruwa sun harɗe ke nan. Wanda kifi ya kama ƙugiyarsa yakan ɗaga murya, na kusa da shi su janye nasu zaren su ba shi fili har ya fitar da shi. Yawancinsu suna sanye da tabarau da hula ko da babu rana, saboda ƙugiyar da ta kuɓuce daga bakin kifi takan dawo da ƙarfi, kuma asibitin yankin ya saba da cire ƙugiyoyi daga jikin mutane a wannan kaka.

Tambayarka ta biyu ita ce ta fi muhimmanci a wurina. Manomi ba ya cinye irinsa, kuma a kan wannan tushe aka gina dokar kamun samon a Alaska. Hukumar kifi ta jihar takan ƙayyade adadin kifin da dole ne ya wuce masu kamu ya kai wurin zuba ƙwai, sannan ta ƙirga. A kogin Russian akwai shinge a mafitar tafkin da ke sama, inda ma'aikata ke ƙirga kifin da ke wucewa, a Kenai kuma akwai na'urar da ke ƙirga su ta hanyar amon sauti a cikin ruwa. A ƙa'ida mutum ɗaya yana da damar ɗaukar sokai uku a rana a wannan wuri. In ƙirge ya nuna iri ya wadata, sai a ƙara adadin a tsakiyar kaka, in kuma ya nuna ƙaranci, sai a rage ko a rufe ruwan baki ɗaya. Akan ma keɓe wani yanki na mahaɗar kogunan biyu a hana kowa taɓa shi a farkon kaka, domin nan ne kifi ke hutawa kafin ya shiga ƙaramin kogin. Kifin da ƙugiya ta kama a ciki ko a wutsiya, ba a baki ba, dole a sake shi. Don haka yawan mutanen da ka gani ba shi ne ma'aunin ɓarna ba, ma'aunin shi ne kifi nawa ya wuce su.

Ba ina nufin cunkoson ba shi da illa ba. Dubban ƙafafu sukan tattake ciyawar bakin kogi, gaɓa ta zaizaye, alhali a inuwar wannan ciyawa ne 'ya'yan kifi ke fakewa, shi ya sa aka shimfiɗa dakali da matakala a wasu wurare aka tilasta wa mutane bi ta kansu. Kayan cikin kifi da ake zubarwa a bakin ruwa suna janyo beya, wata ƙatuwar dabbar dawa mai haɗari, wadda ita ma samon take jira. Sannan ƙirge shi kaɗai bai ceci kowane irin samon ba. A kogin Kenai ne wani mutum mai suna Les Anderson ya kama wani irin samon da ake kira sarkin samon, mai nauyin kusan kilo 44 a 1985, wanda har yau ba a kama wanda ya fi shi da fatsa ba, amma wannan babban jinsi ya yi ƙaranci har aka hana kamunsa a kogin a 2023 da 2024, yayin da sokai ke ci gaba da zuwa da yawa.

Mu ma ba baƙin wannan al'amari ba ne, Baba. Na taɓa tsayawa a gaɓar Matan Fada a Argungu ranar su, wato bikin kamun kifi, kuma ba zan manta da shirun da ya sauka kafin a ba da alama ba: dubban masunta a tsugune, kowa da gorarsa da komarsa, ido a kan ruwa. Da bindiga ta tashi sai ƙura ta turnuƙe, ruwan ya ɓace, ba ka ganin kome sai kawuna da goruna. Cunkoson Alaska bai kama ƙafar wannan ba. Amma abin da baƙo ba ya gani shi ne watannin da aka yi ana tsaron wannan gurbi babu mai jefa koma a cikinsa, da ikon Sarkin Ruwa, da al'adar fashin ruwa wadda sai an yi ta ake buɗe kamun kifi. Bikin da aka faro a 1934, wanda UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya a 2016, ya dogara ne a kan wannan hani, domin in ba don shi ba da ba a riƙa fitar da giwan ruwa mai nauyin babban mutum daga wurin ba. Abin da na'ura ke yi wa mutanen Alaska, kiyaye doka da kwarjinin sarauta ne suka daɗe suna yi wa Kabawa.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne daga Bukuru, na sami gurbin karatun digiri na biyu a birnin Aberdeen na Sikotilan. Tun ina yaro nake fatsa, kuma na ji an ce kogin Dee da ya ratsa birnin ya shahara da samon, ga shi babu cunkoso. Shin zan iya tafiya da sandata in riƙa zuwa a ƙarshen mako?

AMSA: Allah ya sanya albarka a karatun, ƙanena. Ka tafi da sandarka in kana so, amma kada ka kuskura ka jefa ƙugiya a Dee ko wani kogin samon na Sikotilan ba tare da rubutaccen izini a aljihunka ba, domin a dokarsu laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa, kuma ɗalibi mai zama da biza ba shi da abin da ya kai tsabtar suna daraja. A can haƙƙin kamun samon dukiya ce kamar gona, ana sayar da shi, ana gadonsa, har yana iya zama na wani dabam ba mai ƙasar da ke bakin kogin ba. An yanka kowane kogi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da mai ita, da adadin sandunan da aka yarda su shiga a rana, sau da yawa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, kuma akwai jagora da ke nuna wa baƙo inda zai tsaya. Wannan shi ne sirrin rashin cunkoson da aka ba ka labari: kuɗi ne ke tace mutane tun kafin su iso bakin ruwa.

Kowane kogi da ranakunsa. Tay yakan buɗe ranar 15 ga Janairu, da bushe-bushe da jerin gwano a ƙauyen Kenmore, ya rufe 15 ga Oktoba. Dee da Tweed sukan buɗe 1 ga Fabrairu, Spey kuma 11 ga Fabrairu, kuma Tweed ne ke daɗewa har ƙarshen Nuwamba. Ranar Lahadi haramun ce ga kamun samon a faɗin ƙasar, saboda haka ƙarshen makonka Asabar ce kaɗai. Kada kuma ka sa ran miya: doka ta hana sayar da samon da aka kama da fatsa, ta hana kashe wanda aka kama kafin 1 ga Afrilu, kuma tun 2016 ake rarraba koguna mataki uku bisa ga yawan kifinsu, inda a mataki na uku dole a saki duk abin da aka kama. A Dee ma sakin kifi ya daɗe da zama ƙa'ida. A ƙasar da wata mace mai suna Georgina Ballantine ta fitar da samon mai kusan kilo 29 daga Tay a 1922, yau fiye da tara cikin goma na abin da aka kama ana mayar da shi ruwa.

Hanyar da ta fi dacewa da aljihun ɗalibi ita ce ƙungiyoyin masu fatsa na gari, waɗanda ke riƙe da wasu sassan koguna suna ba 'ya'yansu da baƙi izini a farashi mai sauƙi. A irin waɗannan wurare za ka ga wata ɗabi'a da nake so ka koya ka dawo mana da ita. Idan mutane da yawa suna son gurbi ɗaya, ba mai kafewa a wuri. Kowa yakan fara daga sama, ya yi jifa, ya yi taku ɗaya ko biyu zuwa ƙasa, ya sake jifa, har ya kai ƙarshen gurbin ya fita, ya koma bayan layi. Shiga gaban wanda ya riga ka babban rashin kunya ne a wurinsu. Da wannan tsari mutum goma za su ɗanɗani wuri mafi kyau a wuni ɗaya ba tare da an ɗaga murya ba.

In ka tambayi ra'ayina, shirun da aka saya da kuɗi bai burge ni kamar yadda yake burge wasu ba. Tsarin mulkin Alaska ya ce kifi da namun daji na al'umma ne baki ɗaya, kuma ma'aikacin jinya kamar ɗan Baban da ya rubuto wasiƙar farko yana iya sayen lasisi ya tsaya kusa da attajiri. Cunkoson da ke can farashin wannan adalci ne. Tsakanin biyun akwai abin da ake yi a kogin Alta na arewacin Norwe, inda ake raba wani kaso na izini ta hanyar ƙuri'a, kuma ni a ganina in dole ne a rage mutane, gara ƙuri'a ko layi su rage su da a ce aljihu ne ya rage su.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makaranta ce a Tudun Wada, Jos. Na ji an ce Turawa suna kama samon su ɗauki hoto su mayar da shi ruwa. Wannan ba azabtar da dabba ba ne don nishaɗi kawai? Sannan tunda Jos gari ne mai sanyi, me zai hana a yi kiwon wannan kifi a nan?

AMSA: Malama, damuwarki ta farko ni ma ina da ita, kuma ba zan ɓoye ba. Mun tashi mun san ana kama kifi don a ci ko a sayar, kuma zuciya ba ta saurin amincewa da a soki halitta da ƙugiya, a wahalar da ita, sannan a ce an yi mata alheri da aka sake ta. Hukuncin abin a addini fagen malamai ne, su ya kamata a kai wa. Abin da zan iya bayyanawa shi ne dalilin da ya kai su ga haka. Samon na tekun Atilantika yana raguwa, har ƙungiyar IUCN mai bin diddigin halittun da ke fuskantar ƙarewa ta sanya shi a 2023 cikin waɗanda suka kusa shiga haɗari, ta kuma ce na Birtaniya ya riga ya shiga. Ɗumamar ruwa, madatsun da ke tare masa hanya, gurɓatar koguna da ƙwarƙwatar teku da ke yaɗuwa daga kejin kiwon samon duk suna cikin dalilan. Shi wannan jinsi, ba kamar 'yan'uwansa na tekun Fasifik da ke mutuwa bayan zuba ƙwai ba, wani lokaci yakan rayu ya sake dawowa, don haka kowace uwa da aka saka tana da daraja.

Mafi yawan kifin da aka saka yakan rayu in ruwan yana da sanyi, an fito da shi da sauri, an yi amfani da ƙugiya marar ƙaya, an jiƙa hannu kafin a taɓa shi, kuma ba a ɗaga shi sama ana neman hoto ba. Da zarar zafin ruwa ya haura digiri 20 sai mutuwa ta ƙaru, shi ya sa a kogin Miramichi na Kanada ake rufe guraben da kifi ke fakewa idan zafi ya tsananta. Masu kare wannan ɗabi'a suna cewa kuɗin masu fatsa ne ke biyan masu gadin kogi, kuma in aka kore su, masu satar kifi da taru ne za su gaje wurin. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Duk da haka, inda kifi ya yi ƙarancin da ba za a iya cin ko ɗaya ba, na fi natsuwa da abin da Norwe ta yi a watan Yunin 2024, lokacin da ta rufe koguna 33 ana tsakiyar kaka, har da Gaula da Orkla da suka yi suna, duk da asarar da masu masaukai da masu gonakin bakin kogi suka yi.

Batun kiwo kuwa, sanyin Jos na iska ne, ba na ruwa ba. Ko da yake muna kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 kuma hunturu kan sa mu hura wuta da asuba, ruwan kududdufanmu yakan yi ɗumin da samon ba ya jurewa a mafi yawan shekara, ƙwansa kuma yana buƙatar ruwa mai sanyi ƙwarai mai gudu a kan tsakuwa. Wanda ake gani a manyan kantuna a daskare, galibinsa na kiwo ne daga kejin cikin teku a ƙasashe irin su Norwe. Tarwaɗa da karfasa su ne suka dace da ruwanmu, kuma tsohuwar gonar kifi ta Panyam shaida ce cewa Filato ta daɗe da sanin haka.

TAMBAYA: Malam, mu matasa ne da ke zuwa fatsa kowace Asabar a wani tsohon ramin kuza da ya zama kududdufi a wajen Rayfield. Da ba mu wuce mu biyar ba, yanzu mukan kai talatin. Kowa yana son wuri ɗaya inda ruwa ke shigowa, ana yawan faɗa, wasu kuma suna zuwa da gidan sauro suna kwashe ƙananan kifi. Kifin ya ragu sosai. Yaya za mu yi?

AMSA: Samari, na san irin wurin da kuke nufi, domin na taɓa zama a bakin wani kududdufi makamancinsa wata safiyar Asabar a farkon damina. Mutum biyu zarensu ya harɗe, kowa yana ja yana cewa kifin nasa ne, har zaren ya tsinke, kifin ya tafi da ƙugiya biyu a jikinsa. Ana cikin cacar baki sai na leƙa bokitin wani yaro da ya gama jan gidan sauro a gefen ciyawa. Abin da ke ciki bai fi cikin kwano ba, 'yan mitsi-mitsin kifi da ba su kai tsayin ɗan yatsa ba, tare da wata karfasa guda da ta buɗe baki tana zubo ƙwai, domin ita a bakinta take rainon 'ya'yanta. Masu faɗan a kan kifi ɗaya suke yi, alhali ɗaruruwa ne suka mutu a bokitin da ba wanda ya kalla.

Saboda haka ku fara da gidan sauro kafin ku zo kan cunkoso, don shi ne ke cinye iri. Mutum talatin masu ƙugiya ɗai-ɗai ba za su ƙarar da kududdufi da saurin da gidan sauro biyu za su yi ba. Wurin da kuke rububi a kansa, inda ruwa ke shigowa, shi ne kuma inda tarwaɗa ke hawa ta zuba ƙwai cikin ciyawar da ruwa ya rufe idan damina ta sauka, kamar dai yadda samon ke taruwa a mahaɗar kogi. Ku keɓe wannan kusurwa daga saukar ruwan sama sosai har zuwa ƙarshen Agusta, kada kowa ya taɓa ta, sauran gaɓar kuma a ci gaba da fatsa. Idan an buɗe ta, a riƙa shiga bi da bi, mutum uku ko huɗu na rabin awa, sannan su matsa wasu su shigo, kuma a sauran wurare a bar tazarar taku goma tsakanin mutum da mutum. Duk kifin da bai kai tafin hannu ba a mayar da shi nan take, da jiƙaƙƙen hannu.

Wannan ba zai yiwu da bakinku kaɗai ba, domin saurayi ba ya jin hanin saurayi ɗan'uwansa. Ku bincika ko ramin yana da mai shi, sannan ku je wurin mai unguwa da dattawan da ke kusa, Musulmi da Kirista, tare da masu noman rani da ke jan ruwa daga wurin, a zauna a amince, a naɗa mutum ɗaya mai mutunci da zai zama kamar sarkin ruwan wurin. Ku sanar da kowa cewa zuba maganin ƙwari ko wata guba a ruwa don kama kifi laifi ne a dokar kamun kifin cikin ƙasa ta 1992, kuma in kun ga mai yi, hukuma za ku kai wa, ba hannu za ku sa ba. Yaran da ke jan gidan sauro kuwa yawanci miyar gida suke nema, don haka korar su da tsawa ba za ta hana su dawowa da dare ba. Ku haɗa kuɗi ku saya musu ƙugiya da zare, ku koya musu haƙar tana da ɗaure darma.

Ku sayi littafi mai bangon kwali ku riƙa rubuta kwanan wata, yawan waɗanda suka zo, da yawan kifin da aka kama da girmansa, domin bayan damina biyu wannan littafi ne zai gaya muku ko rufe kusurwar ya yi amfani, kuma shi za ku nuna wa mai gardama. Ku kuma tuna cewa ramukan kuza ba kogi ba ne: gaɓarsu takan yanke tsaye, taku ɗaya daga inda ruwa ke gwiwa sai zurfin da ya shanye gida, kuma sun ci rayuka da dama a Filato. Kada kowa ya shiga ruwa don ƙwato ƙugiyar da ta maƙale, kada a bar ƙananan yara su tsaya a gaɓa mai santsi, kuma ku ajiye doguwar igiya da jarka babba wadda ba kome a cikinta, a rufe da murfinta, a inda kowa ya sani kafin a fara jifa.